Kawu da Harajin Maginan Tukwane

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma, Kawu kuwa ya riga mu. Ya cika ranar wata Laraba da hantsi, a gidansa da ke Fagge, bayan jinyar da ba ta kai wata guda ba.

Kwana uku muka yi muna zaman makoki, kuma a kwanakin nan na ga abin da ban zata ba. Kawu ba malami ba ne, ba attajiri ba ne, bai taɓa riƙe sarauta ba, ko Makka Allah bai ba shi ikon zuwa ba. Maginin tukwane ne. Amma tabarmin da muka shimfiɗa a ƙofar gida ba su isa ba, sai da aka aro na masallaci, aka ƙara da na maƙwabta.

Maginan unguwar Kwaciri a ƙasa suka tako, wasu da sauran yumɓu a farcensu. Dattijon cikinsu, wanda idonsa ya kusa tafiya, ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba. Ya ce, "Malam, ku dangi uba kuka rasa. Mu kuwa bakinmu muka rasa."

A cikin gida akwai Iya mai kwano, Bayarabiya ce Musulma, haifaffiyar Fagge, mai sayar da kwanuka a kasuwar Sabon Gari. Ta rufe rumfarta kwana ukun nan cur. Ta zauna kusa da Inna, matar Kawu, ba ta cewa komai sai, "To ni yanzu da wa zan yi faɗa?" Mata suna hawaye suna dariya.

Sai kuma Madam, 'yar ƙabilar Ibo, Kirista, mai sayar da abinci kusa da tashar jirgin ƙasa. Tare da mijinta suka zo. Shi ya cire hularsa ya tsaya a rana, bai san inda zai zauna ba, har sai da liman ya matsa masa a kan tabarma. Ita kuwa tun daga zaure ta fasa kuka. Wasu mata suka tashi za su hana ta, suna cewa ba a yi wa mamaci kururuwa. Inna ta ɗaga hannu ta ce, "Ku ƙyale ta. Ta san wanda take yi wa kuka."

Mahaifiyata, ƙanwar Kawu uwa ɗaya uba ɗaya, ban ga hawayenta ba ko sau ɗaya. Ranar sadakar uku, da mutane suka watse, ta kira ni ɗakinta ta ce, "Kai da ka iya rubuta sunayen mutane don a karɓi kuɗinsu, ka rubuta yayana don kada a manta da shi."

Ni malamin haraji ne. Maganar ta soke ni, amma gaskiya ta faɗa. Ga abin da na iya rubutawa.

Kawu dogo ne, siriri, mai ɗan ranƙwafawa saboda shekarun da ya yi a sunkuye. Tafin hannunsa kamar bayan tsohuwar randa yake, ga kaushi ga sanyi. Mahaifina ya rasu ina ƙarami, shi ya ɗauko mu ni da mahaifiyata ya kawo mu gidansa, shi ya kai ni makarantar boko lokacin da dangi suke ganin hakan kamar ya yar da ni ne. Duk rigar da na sa na shiga aji, daga tukunya ta fito.

Yana da ɗabi'u da kowa ya san shi da su. Idan aka kawo yumɓu daga kududdufi, sai ya gutsuri kaɗan ya ɗora a harshe kafin ya yarda a sauke daga kan jaki. Idan bai yi masa ba sai ya tofar ya ce, "Wannan na ginin ɗaki ne, ba na girki ba. Ku mayar." Ba ya sayar da tukunya sai ya ƙwanƙwasa ta da bayan yatsa ya kara kunne. In ta yi ƙara mai tsawo ya miƙa. In ta yi gum ya ajiye gefe, ko da mai saye yana cewa shi ya ji ya gani. Yakan ce, "Kai ka yarda yau. Matarka ba za ta yarda ba ranar da miya ta tsiyaye a murhu."

Yana da zafin rai, ba zan ɓoye ba. Ba ya ba da haƙuri da baki. Idan ya ɓata wa Inna rai, sai dai washegari ta tashi ta tarar da sabon kaskon turare a bakin ƙofarta. Inna ta taɓa nuna mini su jere a ƙarƙashin gado, ta ce, "Ka ga yawan laifin kawunka."

Faɗansa da Iya kuwa tsohon faɗa ne. Lokacin da kwanukan kanti masu fure suka cika gari, langa da daro da tasa, har da tukwanen ƙarfe, rumfarta tana kallon inda matan magina suke baje tukwane a ƙasa. Uwar amarya za ta zo ta wuce tukwane ko kallo babu, ta shige wurin Iya ta fito da kaya niƙi-niƙi. Duk ranar da Kawu ya kai kaya kasuwa sai sun taɓa.

Za ta hango shi ta ɗaga murya, "Baba mai ƙasa, an iso? Yau nawa suka fashe a hanya?"

Shi kuma ya ce, "Iya mai gwangwani, nawa in ya fashe ƙasa ya koma. Naki in ya ɓule ko kaji ba sa shan ruwa a ciki."

"Amma nawa ake jerawa a ɗakin amarya!"

"Ana jerawa. Nawa ake ci da shi."

Wani lokaci wasa ne, wani lokaci har ransa yake ɓaci ya dawo gida ya ƙi cin abinci. Amma duk shekara, in zafi ya matso, sabuwar randa tana isa gidan Iya, kuma ba ta taɓa neman ragi ba.

Madam kuwa tun zuwanta Kano take sayen tukwanen miya a wurinsa. Ta ce miyar garinsu ba ta daɗi a ƙarfe. Shekarar da aka yi tashin hankalin nan tsakanin Fagge da Sabon Gari, wadda ba na son tunawa, an farfasa mata komai a rumfa. Bayan ƙura ta lafa, mutane suka yi makonni ba mai tsallaka titi daga nan ko daga can. Wata safiya Kawu ya ɗora wa jakinsa tukwane da randa. Inna ta tare ƙofa.

Ta ce, "Malam, ina za ka?"

Ya ce, "Sabon Gari."

"Yanzu? Ka ji abin da ake faɗa kuwa?"

"Na ji. Matar nan tana da 'ya'ya, kuma ba ta da abin dafa musu abinci. Matsa mini."

Ya tafi shi kaɗai, da rana tsaka, kowa yana kallo. Madam ce ta ba ni labarin daga baya. Ta ce masa ba ta da abin biya. Ya ce da ita, "Na tambaye ki?" Ya sauke, ya ƙwanƙwasa kowace ɗaya a gabanta, ya juya jakinsa.

Yanzu sai maganar haraji, wadda ita ce ta haɗa ni da shi, ita ce kuma ta sa nake ɗaga kai idan an ambace shi.

A littafin da muke yanka haraji da shi, an sa maginan tukwane a sahun masu sana'a mai ƙarfi. An rubuta hakan ne tun zamanin da ba gidan da zai yi girki ko ya sha ruwa sai da tukunyar ƙasa. Zamani ya juya, littafi bai juya ba. Kasuwar tukwane tana mutuwa, haraji yana nan yadda yake, matansu kuma suna biyan kuɗin kasuwa kullum ko sun sayar ko ba su sayar ba. Magina suka fara watsewa. Wasu suka koma dakon buhunan gyaɗa, wasu leburanci a kamfani. Matoya, wato filin da ake gasa tukwane, wadda da can hayaƙinta ba ya yankewa duk rani, ta koma sai jifa-jifa.

A shekarar da nake magana, ni aka ba unguwanninmu. Na zauna a zauren mai unguwa na kira sunaye, na rubuta wa kowa abin da littafi ya ce. Cikin waɗanda na rubuta har da ƙanen Inna, magini ne a Kwaciri mai 'ya'ya da yawa. Bai da abin biya, sai ya sayar da jakinsa. Magini kuwa in ba jaki ba yumɓu, in ba yumɓu ba sana'a.

Ranar da Kawu ya ji, bayan la'asar ya zo gidana. Bai zauna ba.

Ya ce, "Kai ka rubuta wa ƙanen Innarka abin da ya raba shi da jakinsa?"

Na ce, "Kawu, ba ni na yanka ba. Haka yake a littafi."

"Littafin nan ya taɓa zuwa matoya?"

"Kawu, doka ce. In na rage masa, gobe a ce na yi son kai."

"Ban ce ka rage wa surukina ba. Cewa na yi ka buɗe baki ka gaya wa na sama da kai abin da idonka ya gani. A gidan magini ka tashi. Ka san da damina ba ma toyi. Ka san abin da wuta take ci. In kai ba ka faɗa ba, wa zai faɗa?"

A lokacin ina jin kaina. Ina da keke, ina da albashi, ana ce mini Malam. Sai na faɗi maganar da har yau in na tuna nake jin kunya. Na ce, "Kawu, gaskiya zamanin tukunyar ƙasa ya wuce. Gara mutane su nemi wata sana'ar tun da wuri."

Ya dube ni daga hula har takalmi. Bai ɗaga murya ba, abin da ya fi tsorata ni ke nan. Ya ce, "To, Malam. Allah ya ba da sa'a." Ya fita.

Tun da nake bai taɓa ce mini Malam ba, ɗan nan yake ce mini. Wata uku ya yi in na gaishe shi sai ya amsa kamar baƙo. Abincin da matata take aika masa ranar Juma'a ya riƙa dawowa a rufe.

Ashe a watannin nan bai zauna ba. Gida gida ya bi maginan Fagge da Kwaciri, har da waɗanda suka bar sana'ar. Wasu suka ce a gudu ƙauye lokacin haraji, wasu suka ce a ƙi biya kawai a ga abin da za a yi. Ya ce a'a. Ya ce, "Mu ba ɓarayi ba ne da za mu ɓuya. Za mu biya, amma a auna mu da mudunmu." Suka yarda a rubuta takarda zuwa ga wakilin hukuma mai kula da harajin yankin. Sai dai babu mai iya rubutun boko a cikinsu, masu rubuta wasiƙa a bakin kasuwa kuma suka ji tsoro.

Mahaifiyata ce ta zo ta same ni. Ta ce, "Yayana ba zai roƙe ka ba ko zai mutu. Kai ma in kana jira ya roƙe ka, ba ni na haife ka ba."

Washegari da safe na ɗauki takarda da alƙalami na tafi. Na same shi a tsakar gida yana gina tulu. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Kawu, na zo in rubuta."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Ka san za ta iya cin aikinka?"

Na ce, "Na sani."

Ya ci gaba da shafa wuyan tulun har ya daidaita, sannan ya wanke hannu ya ce, "Zauna."

Na fara da irin kalmomin da muka saba gani a ofis: mu talakawa bayinku, muna kuka, muna roƙon a ji tausayinmu. Da na karanta masa sai ya ce, "Yaga. Ba bara muka fito ba. Rubuta cewa mu masu sana'a ne, iyayenmu sun biya, mu ma muna biya. Rubuta cewa abin da ake karɓa ya fi ƙarfin abin da muke samu, kuma in aka ci gaba, nan da 'yan shekaru ba za a sami wanda za a karɓa a hannunsa ba. Rubuta cewa kada a yarda da bakinmu, a zo a gani."

Abu uku ya nema. A sauko da magina zuwa sahun masu ƙaramar sana'a. A yafe wa tsofaffin da hannunsu ya fara rawa. A ɗauke wa matan da suke sayar da tukwane kuɗin kasuwa. Magina suka dangwala yatsa ɗaya bayan ɗaya, shi ya fara.

Aka kira su ofis wata Litinin. Ina daga ciki a bayan teburina, ina hango su ta taga zaune a gindin bishiya cikin rigunansu na Juma'a. Wakilin dattijo ne mai natsuwa, ba mai saurin fushi ba, amma ba a juya shi. Ya fito ya zauna, aka karanta takarda.

Ya ce, "Na ji. Amma in na rage muku, gobe maƙera za su zo, jibi masaƙa. Me ya bambanta ku?"

Kawu ya ce, "Ranka ya daɗe, in suna da gaskiya su ma su zo. Ni tawa na kawo. Maƙeri in ƙarfe ya lalace ya mayar wuta ya sake. Mu abin da wuta ta fasa ya tafi ke nan. Ranar Alhamis za mu buɗe toyi. Ka zo ka gani da idonka, in ka ga ƙarya a ninka mana."

Wakili ya juya takardar a hannunsa, ya ce, "Rubutun nan na san shi. Wa ya rubuta?"

Kawu ya buɗe baki ya ce, "Maganar tawa ce, hannu kawai na ara." Na san so yake ya rufa mini. Sai na fito na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, ni ne. Kawuna ne, kuma abin da ke ciki gaskiya ne. Ya kamata in faɗa tun ranar da na rubuta sunayensu."

Wakili ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Taka daban. Koma bakin aikinka." Sannan ya ce wa Kawu, "Alhamis."

Ranar Alhamis da hantsi ya zo matoya, shi da mutum biyu. An kwana biyu da kashe wuta, toka ta huce. Magina suka fara yaye tokar suna fito da tukwane. Kawu ya tsaya a tsakiya, duk wadda aka miƙo ya ƙwanƙwasa. Mai ƙara ya ajiye dama, mai gum ko tsagaggiya ya ajiye hagu. Tun wakili yana tsaye har ya sa aka kawo masa turmi ya zauna. Da aka gama, tulin hagu ya kusa kamo na dama.

Wakili ya nuna wata tukunya a hagu ya ce, "Wannan ai lafiyarta ƙalau. Me ya sa ba za ka sayar ba?"

Kawu ya ɗauko ta, ya zuba ruwa, ya ɗaga. Can sai ga ɗigo yana bin gindinta. Ya ce, "Ranka ya daɗe, in na sayar da wannan na biya haraji, kai ka karɓi haram, ni na ci haram."

Ana cikin haka sai ga Iya ta kutso cikin maza, gyale a kafaɗa, Madam tana biye da ita. Ba wanda ya kira su. Na ga fuskar Kawu ta canza, don ya zaci ta zo yi masa dariya ne.

Iya ta rusuna ta ce, "Ranka ya daɗe, ni ce mai kwano a Sabon Gari. Ni na kashe wa tsohon nan kasuwa, ba na musu, kuma gobe ma zan buɗe rumfata. Abin da nake sayarwa a yini, matansu ba sa sayar da shi a mako, ina kallonsu. Amma kuɗin kasuwarmu ɗaya. Wannan ba daidai ba ne. Kuma in suka daina gini, ni kaina ban san inda zan sa ruwan sha da bazara ba, don daro ba ya sanyaya ruwa."

Madam ba ta da Hausa mai yawa. Ta nuna Kawu ta ce, "Baba nan, mutum mai kyau. Ba ya ƙarya. In ya ce ya fashe, ya fashe."

Kawu ya sunkuyar da kai yana kakkaɓe toka daga rigarsa. Da mutane suka fara watsewa na ji ya ce wa Iya ƙasa-ƙasa, "Wa ya aike ki?" Ta ce, "Yi mini shiru, mai ƙasa. In ka talauce wa zan zaga?"

Amsa ba ta zo da wuri ba. Sai da aka kai maganar gaba, aka zauna a kanta, har wasu magina suka fara cewa an yi aikin banza. Daga ƙarshe mai unguwa ya tara su ya karanta. An sauko da su sahun masu ƙaramar sana'a. An yafe wa tsofaffi. Kuɗin kasuwa kuwa ba a ɗauke ba, ragewa aka yi. Wasu suka yi gunaguni a kan na ukun. Kawu ya ce, "An ba ku biyu da rabi kuna ƙorafi? Ku tashi ku je ku haƙo yumɓu."

Shekarunsa sun kai a sa shi cikin tsofaffin da aka yafe wa. Ya ƙi. Ya miƙa hannayensa gaban mai unguwa ya ce, "Duba, suna rawa? Ranar da suka fara zan zo da kaina in faɗa." Har ya rasu shi ne yake fara biya a unguwar.

Magina suka haɗa kuɗi za su ɗinka masa babbar riga. Da ya ji ya tara su ya yi musu faɗa kamar yara. Ya ce, "Riga za ta ɗauko yumɓu? Akwai wanda ba shi da jaki a cikinku." Kafin mako ya zagayo ƙanen Inna ya koma kududdufi da sabon jaki. Cikin waɗanda suka tafi dako ma an sami waɗanda suka dawo. Ba duka ba. Kwanukan kanti ba su fasa zuwa ba, kuma Kawu bai taɓa yaudarar kansa cewa za su fasa ba. Abin da ya nema shi ne duk mai son ya tsaya a sana'ar ubansa ya iya tsayawa, kuma ya samu.

Ni kuwa an ɗauke ni daga unguwanninmu aka tura ni wani gari mai nisa na shekara guda, ƙarin girman da nake sa rai kuma ya wuce ni. Ban yi baƙin ciki ba. Ranar da zan tafi ya zo tasha da kansa. Bai yi maganar abin da ya wuce ba, ni ma bai bar ni na yi ba. Da na fara, "Kawu, maganar da na faɗa ranar nan," sai ya katse ni ya ce, "Ɗan nan, jirgi zai tashi. Ka riƙe salla, kada ka ci na kowa."

Bayan na dawo mun samu shekaru masu daɗi. Yana gini har watan da ya kwanta. Ciwon ƙirji ne, irin na masu shaƙar hayaƙi. Ko a kwance in magina suka zo gaishe shi sai ya tambaye su wane kududdufi suke ɗiba yanzu, ya ce wancan yashi ya yi masa yawa.

Ranar da muka kai shi makwancinsa, aka gama haƙa, aka sa shi, sai masu haƙa suka nemi tukwanen da za a rufe ramin ciki da su kamar yadda aka saba. Na juya zan aika gida a ɗauko, sai na ga ba bukata. Kowane magini da ya biyo gawa ya zo da tukunya a kafaɗarsa, ginin hannunsa, ba wanda ya gaya wa wani. Suka jere su a bakin kabari har suka tare hanya.

Mai haƙa ya ce, "Jama'a, 'yan kaɗan muke so. Ta wa za a ɗauka?"

Nan fa aka fara ja. Kowa yana tura tasa gaba, manyan mutane masu furfura suna cewa tawa, tawa. Sai dattijon Kwaciri ya sa aka kama hannunsa aka zaunar da shi a ƙasa. Ya ce a riƙa miƙo masa. Ya bi su ɗaya ɗaya yana ƙwanƙwasawa yana saurara, ya zaɓi waɗanda suka fi, aka rufe Kawu da su. Sauran kuwa ba wanda ya yarda ya koma gida da tasa. Liman ya ce a bar su nan, duk wanda aka kawo ba shi da mai saya masa, a rufe shi da su, ladan ya tafi ga mai wannan kabari.

Na koma ziyara ranar Juma'ar da ta wuce. Mai gadin maƙabarta ya ce mini an riga an rufe bayin Allah bakwai da su, cikinsu har da wani baƙo da ba a san danginsa ba.

Ya Allah, ga bawanKa nan ya zo maKa. Bai ci na kowa ba, bai sayar wa kowa da abin da ya san ya lalace ba, ya tsaya wa waɗanda ba su da mai tsaya musu. Ka yafe masa zafin ransa, Ka yalwata masa inda yake kwance, Ka ba Inna da mahaifiyata haƙurin rashinsa. Mu da muka ci daga hannunsa, Ka sa mu mutu ba mu ba shi kunya ba. Amin.